Baƙon Gidan Inna Asta

Hammajoda ɗan fari ne, kuma a gidan Fulani wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Tun da aka haife shi a rugar da ke bayan unguwar Rayfield ta Jos, kusa da tafkunan da masu haƙar kuza suka bari, uwarsa Inna Asta ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kunyar ɗan fari ta hana. In tana son ya zo sai ta kalli sama ta ce wani ya miƙo mata ƙwarya. In ya kwanta zazzaɓi sai ta ajiye jiƙo a bakin bukka ta ce ga shi nan ko da mai so. A haka ya girma har furfura ta fara leƙo masa, yana lodin kabeji da dankali a kasuwar Farin Gada, la'asar ta yi ya kama hanyar gida. Mutum ne mai haƙuri. Burinsa ɗaya ne, bai kuwa taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne ko sau ɗaya ya ji tsohuwar nan ta ce shi nata ne.

Da damina ta 1977 sai ga dama ta zo. Wani ofishi mai tattara alƙaluma ya turo ma'aikacinsa, Sylvester, ya bi gida gida yana tambayar yawan mutane da kekuna da rediyo, don a gane ko yankin yana ci gaba ko a tsaye yake. Sylvester ba ya jin Fulatanci, Hausarsa ma ta kasuwa ce, don haka ardo ya haɗa shi da Hammajoda ya yi masa tafinta.

Hammajoda ya sa rigarsa ta Sallah. A ransa ya ce tambayar gwamnati ai ba a yi mata kara, yau dai dole Inna ta faɗa.

Aka shimfiɗa tabarma. Sylvester ya ce a tambayi Mama 'ya'yanta. Ta fara daga Kulu, wadda ke bin Hammajoda, ta gangara har kan auta, ba ta tsallake ko wanda ya rasu yana jariri ba. Hammajoda ya mayar da sunayen ɗaya bayan ɗaya, yana jira. Daga kan auta ba ta ƙara kowa ba. Shi kuwa tafinta ne mai amana, abin da ba a faɗa ba ba zai ƙara ba.

Sylvester ya nuna shi da biro, ya ce to wannan fa da yake kwana a gidan? Dole Hammajoda ya juya wa uwarsa tambayar da bakinsa.

"Wani ne da ke cin tuwo a nan," in ji ta.

Sylvester ya duba takardarsa, ya ga babu gurbin mai cin tuwo, sai na baƙo. Ya tambaya tun yaushe baƙon ya sauka. Inna ta ce tun shekarar da fara ta cinye gero. Ya dube ta, ya dubi tafintansa, ya ce, "Malam Hamma, amma wannan Mama yana kama da kai sosai."

"Zama wuri ɗaya ne, oga."

Haka aka yi ta yi a sauran gidajen. Kowace uwa ta fara lissafi daga na biyu, kuma a kowane gida aka sami baƙo guda wanda ya daɗe bai tafi ba.

Da sakamakon ya isa ofis, manya suka yi ta murna. Suka ce ga shaida yawon buɗe ido ya kankama a bayan Rayfield, tun da kowane gida da baƙonsa, wasu ma sun haura shekara talatin, abin da babu otal ɗin da ya taɓa yi a Jos. Suka yanke cewa sanyin wurin ne da kyan tafkunan ke riƙe mutane. Kafin wata damina an gina masaukin baƙi a gefen rugar, da rufin kwano da shuɗin fenti. Da aka nemi maigadi wanda ya san halin baƙi, Sylvester ya ce ai ga wanda ya fi kowa daɗewa a baƙunci. Hammajoda ya bar lodi, aka ba shi kaki da makullai. Babu wanda ya taɓa sauka a masaukin, sai awaki da ke fakewa a baranda in ana ruwa. Duk da haka kullum yakan share ɗakunan.

A 1979 Sylvester ya dawo, wannan karon don dabbobi, ya sake ɗaukar tafintansa. Inna Asta ta ce ita ba ta ƙirga shanu, amma za ta faɗi mai kowace. Ta nuna na Kulu, ta nuna na auta. Saura wani garke a gefe, jajaye masu dogon ƙaho, duk sun fi sauran ƙiba. Hammajoda ya sha kora su rafi, bai taɓa tambayar na wane ne ba. Yau aiki ya sa ya tambaya.

Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta.

"Na baƙon ne," ta ce. "Kakar kakarsu aka ba shi ranar suna. Ni na zaɓe ta, ina jego, da ƙyar nake tsayuwa."

Hammajoda ya tsaya yana kallon ƙahonin shanun. Sai da Sylvester ya taɓa shi ya ce me Mama ya ce.

"Ta ce shanun baƙo ne, oga."

Sylvester ya yi ta gyaɗa kai, ya rubuta cewa masu yawon buɗe ido sun fara zuba jari a kiwo, ya kamata a ƙara wa masauki ɗakuna. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Inna Asta ta shiga bukka. Can ta ɗaga murya ta ce wani ya zo ya ci tuwo tun bai huce ba. Hammajoda ya rataye makullansa, ya wanke hannu, ya shiga.