Allon da Ba a Kallonsa

A Damagaram na fara ganinsa, a shagon wani mai hoto, ranar da na je ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa. Wani saurayi ne zaune gaban odinatar, wato kwamfuta, hannunsa yana yawo da alƙalami a kan wani baƙin allo da bai kai faifai girma ba. Babu tawada, babu takarda, amma ga fure yana tsirowa a gilashin na'urar. Ko sau ɗaya bai dubi hannunsa ba. Na ɗauka yanga ce irin ta samarin birni, kuma ta burge ni. Har motarmu ta wuce shingen sojoji muka iso Matameye ban daina tunanin allon nan ba. Saurayin ma na tuna shi, amma kaɗan.

Shekarar ce sojoji suka karɓi mulki, damina kuma ta ƙi. Gero ya bushe a tsaye. Maza suka tafi cin rani tun da wuri, har da yayana da ke sayar da shayi a Kano. Ni amare nake zana wa lalle, amma wa ke biki rumbu babu komai? Sai zama da littattafan soyayya da Yaya ke aiko mana, ni da ƙawata, 'yar maƙwabtanmu.

Ita ba karatu kawai take yi ba, ta rubuta nata. Yaya ya samo mata mai buga littattafai a Kano, ya yarda zai buga. Sai dai ya ce a bangon littafin, hoton wata baƙuwar mace zai ɗora, irin na kowa.

"Jarumata 'yar Yauri ce," in ji ta, idonta ya cika. "Baƙa ce mai wushirya. Ina ita ina mai gashi har gadon baya?"

"Share hawayenki, ƙawa. Ni zan zana miki ita."

Mai bugawa ya ce ba ya karɓar zanen takarda, sai wanda aka yi a na'ura. Nan take na san abin da zan saya, na kuma san abin da zan sayar.

"Akuyar da kakarki ta ba ki don kayan ɗaki?" in ji Inna.

"Inna, kwali fa take ci. In muka jira, mai saye ma ba za a samu ba."

"To, ranar da za a kai ki, sai ki jera allon a ɗaki, dangin miji su sha kallo."

Na sayar. Da Babbar Sallah Yaya ya zo da allon, mafi ƙanƙanta a kasuwa, an ma taɓa amfani da shi. Ya ce a iyakar Ɗan Barto ɗan duwan mai binciken kaya ya juya shi gaba da baya, ya tambaye shi ko na yanka albasa ne. Yaya ya kuma gargaɗe ni: bayan Sallah zai koma, in bango bai samu ba, baƙuwar nan ce za ta hau littafin.

Odinatar ɗin da na sani ita ce ta Alhaji mai shagon buga takardu a bakin tasha. Ya yarda in zauna da rana in babu aiki, in kuma akwai kuran, wato wutar lantarki. Ya haɗa mini komai, na gyara zama, na sunkuya kan allo kamar yadda nake sunkuyawa kan tafin amarya, na ja layi.

Babu komai. Allo baƙi ƙirin.

"Alhaji, an cuci Yaya! Matacce ne!"

Ya yi dariya har da tari. "Ɗaga kanki, 'yar nan."

Ga layina can a gilashi, a karkace kamar wutsiyar ɓera. Ashe ba yanga saurayin nan yake yi ba. Allon ba ya nuna komai, hannu na ƙasa, ido na sama. Ni kuwa tun ina ƙarama idona bai taɓa rabuwa da bakin ledar lalle ba. In na kalli gilashi hannuna ya ɓace, in na kalli hannu zane ya lalace. Fuskar farko da na yi, ƙawata ta ce da kabewa take kama. Ta biyu, da Alhaji.

Jajibirin tafiyar Yaya, da safe, ina gaban madubi ina sa kwalli. Na ja daga kusurwar ido zuwa kusurwa, sumul, sai na tsaya da tsinken a hannu. Yaushe rabon da in dubi hannuna ina sa kwalli? Madubi nake kallo, hannu ya san hanyarsa.

Na isa shago kafin Alhaji ya gama shara. Na ce da zuciyata wannan gilashin madubi ne, fuskar da ke ciki tawa ce. Na fara da ido, domin shi na fi sani. Na ja gira, na buɗe wushirya, na ɗaura mata kallabi irin namu, na zuba wa yatsunta lallen da duk shekarar ban samu amaryar da zan yi wa ba. Kuran ya ɗauke da azahar, ya dawo, ban tashi ba. Da la'asar ƙawata ta leƙo, ta ƙura wa gilashin ido.

"Ita ce," ta ce. "Amma ki rage mata hanci."

Ban rage ba. Yaya ya tafi da ita a aljihu, cikin 'yar kile da ake kwafe aikin na'ura a ciki, littafi ya fito da fuskar 'yar Yauri. Inna ta riƙe shi nesa da ido, ta ce yarinyar da kyau, amma ba ta kai akuya ba.

Ƙawata yanzu a Agadas take, da 'ya'yanta. Ta daina kai wa masu bugawa, a waya take rubutu, mata na bin labarinta babi-babi. Ba ta sakin sabo sai na aika mata bango. Har yau kuma, duk wanda na aika, sai ta yi ƙorafin hanci.