Na kai bawul Bawku don in wanke sunana

Ana idar da sallar asuba muka bar Salaga a lorin da ke zuwa ɗaukar doya. Ina gaba kusa da direba, da ƙwarya rufe da faifai a kan cinyata. Kun san sana'ata: rediyo, garmaho, batir, duk abin da ke magana ba rai.

Sunana ne ya fitar da ni. Kafin damina na sayar wa Awudu mai jita, mutumin Bawku, amfilifaya, wato akwatin da ke ɗaga muryar jita. Manyan bawul ɗinsa biyu, kwalaben nan da ke ja kamar garwashi in sun yi zafi, sun mutu tun a hannun mai shi na farko. Na Ingila sun yi wuya tun da gwamnati ta matsa wa masu shigo da kaya, sai na sa na Rasha, kuma na gaya wa Awudu da bakina. Ya ce ba komai. Kwatsam sai ga labari a bakin direbobi, wai na cuce shi da bawul na jabu, akwatinsa yana magana kamar mai mura. Masu ciniki suka fara wuce rumfata suna kallon gefe. Na aika Kumasi aka nemo mini na Ingila, na naɗe su da auduga na sa a ƙwarya, na ce da ƙafata zan je.

Ruwan sama ya cinye hanyar Bimbila. Duk inda lori ya kafe aka sauka turi, sai in ce ni ƙwai nake riƙe da su. A Bimbila doya ta yi arha, ta sule ɗaya sai ka nemi mai taya ka ɗauka. Na ci sakwara da miyar gyaɗa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan faifai.

A Yendi na sauka gidan wani malami, tsohon abokin mahaifina. Labarin ya riga ni isa. Ya ce, "Ɗana, ka ba shi haƙuri kawai, magana ta mutu."

Na ce, "Baba, mai laifi ke ba da haƙuri. In na bayar, na amsa ke nan."

Ya ɗaga faifan ya leƙa. "A kan waɗannan 'yan kwalabe ka baro iyalinka?" Ya girgiza kai, amma ya yi mini addu'a mai tsawo.

Daga nan muka bi ta Gushegu da Nalerigu. A gangaren dutsen Nakpanduri birki ya yi ta kuka, kowa yana kiran Allah da yaren gidansu.

Mun shiga Bawku ranar kasuwa: albasa tsibi-tsibi, zabi a kwanduna, jakuna, da mutanen tsallaken iyaka, rainon Faransa, suna ciniki da yatsu. Na samu Awudu a inuwar tasha. Ashe wasu makaɗa ne daga kudu suka ji akwatinsa suka yi masa dariya, suka ce mai kyau ba ya dishe murya haka, shi kuma ya ɗora mini laifin. Ya so mu shiga ɗaki mu yi magana. Na ƙi. A tasha aka ɓata ni, a tasha za a gwada.

Bayan la'asar muka ari injin wutar mai sinima. Na zare na Rasha, na zaunar da na Ingila a gurbinsu, na daidaita wutar, muka jira suka ɗumama. Awudu ya taɓa jita. Gaskiya ɗaya ce, murya ta fito tas kamar ƙararrawa, kowace tsirkiya ana jin ta daban, ko ya buga da ƙarfi ba ta fashewa. Mutane suka gyaɗa kai, suka ci gaba da cinikin albasa.

Na kashe, na jira suka huce, na sa tsumma na zare su, na mayar da na Rasha. Akwati ɗaya, jita ɗaya, hannu ɗaya. Da ya buga a hankali, bambancin kaɗan ne. Da ya danna, sai murya ta yi kauri, ta ɗan dishe, tana zuza a ƙarƙashi irin ta molo mai ƙarfe a wuya. Kafin ya kai ƙarshen waƙa matan kasuwa sun ajiye farantansu, an buɗe fili, har wani tsoho ya cire hula ya shiga. Wata mai ƙosai ta ɗaga murya ta ce, "Wannan ne yana magana paa, magana sosai! Na fari Turanci yake yi."

Awudu ya sunkuyo kusa da kunnena. "Maigida, bar su a ciki."

Na ɗauko tsumma kamar zan cire. "Ban ji ba. Ɗaga murya, direbobi suna nesa."

Ya miƙe, gumi yana zubo masa, ya faɗa wa tasha cewa tun farko na gaya masa abin da ke cikin akwatin, ban cuce shi ba. Sai na ninke tsummana.

Na dawo da ƙwaryata yadda na tafi da ita. Abin da na koya shi ne bawul ba ya ƙarya, kowanne da muryarsa, kunnen gari ke zaɓa. Kuma in an ɓata ka a fili, kada ka yarda a gyara a ɗaki. Direbobin nan dai su suka rigaye ni da sabon labari. Ina sauka Salaga na tarar da wani makaɗi daga Yendi yana jirana, wai a sa masa bawul mai mura. Na ce sun ƙare, sai an kawo. Na Ingila kuwa suna nan kan kanta cikin audugarsu, ga duk mai son jitarsa ta yi Turanci.