Ranar da Inna Ta Yi Rakiya

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta hannu bibbiyu. In tana nemana sai ta ce da ƙannena, "Ku ce da wancan ya zo." In na zo kuma, bango take kallo ta yi mini magana. Na yi aure, na hayayyafa, na zama shugaban sashen lafiya a ƙaramar hukuma, amma ina nan a wancan ɗina.

Shekarar da sojoji suka koma bariki idanunta suka yi yana. Ba ta faɗa wa kowa ba. Mun gane ne ranar da akuyar maƙwabta ta shigo gidanmu na Gyadi-Gyadi, Inna ta yi mata sannu da zuwa har tana tambayarta mutanen gida. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma hankalina ya tashi. Na durƙusa na yi mata maganar asibiti, ta shaida wa bango cewa tsufa ba ciwo ba ne.

Fata ɗaya ya rage mini. Akwai wata yarjejeniya a ofis, wadda za a riƙa biyan wani asibitin ido da ke Tarauni daga kason lafiya, yana duba tsofaffi yana yi musu aiki kyauta. Na san Inna: in ta ga sa'o'inta suna tafiya, za ta bi ayari. Sa hannun ciyaman kawai ake jira.

To fa, ciyaman na farar hula ba ya kamuwa. Tun da aka rantsar da shi, masu taya murna da maroƙa suka tare a ƙofar ofishinsa kamar gidan suna. Bawan Allah ya koma ajiye motarsa a gaba, shi kuma ya sulale ta baya. Na taɓa hango gefen babbar rigarsa tana shan kwana, na bi da gudu da takarda a hannu, na tarar da masinja yana cin gyaɗa. Da abin ya ishi kansiloli sai suka zauna, suka yi ta musu har shayi ya huce, sannan suka yanke cewa duk yarjejeniyar kula da tsofaffi da ta shafi kason lafiya, shugaban sashen ya riƙa sa hannu a madadin ciyaman. Wato ni.

Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Sabon biro na saya. Na yi ta gwajin sa hannu a bayan kalanda har matata ta tambaye ni ko zane na koma koya. Ranar da na rattaba hannun, sai da jelarsa ta haura kan layin shaida.

Sai aka ba mai shela lasifika da mota. Ya ratsa Darmanawa, ya bi ta Unguwar Gano da Babban Giji yana sanar da tsofaffi. Babu wanda ya sa shi, amma da ya shigo layinmu sai ya ga ya kamata ya yi mini gwaninta. Ya tsaya daidai ƙofar gida ya kwarara sunana, ya ƙara da cewa, "Ɗan Hajiya ne ya sa hannu! Hajiya, kin haihu!" Da na san haka zai yi, da na sace batirin lasifikar nan.

Mata suka yi ta shigowa barka. Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Da yamma ta aiko ƙanwata da saƙo: ba za ta je ba. "In je a yi ta nuna ni, a ce na zo kallon aikin wancan? Wace irin marar kunya za a ɗauke ni?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsofaffin unguwa suna ta dawowa da bandeji a ido suna sa mini albarka, uwar da ta haife ni tana laluben buta. Har na yi niyyar mayar wa ciyaman ikonsa, in ya so ya sa hannun da kansa. Ban same shi ba.

Maƙwabciyarmu ce ta cece ni, wata tsohuwar malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, aminiyar Inna tun ina yaro. Malama muke ce mata. Ita nata ɗan farin tun daga bakin titi take ƙwala masa kira. Idonta kuwa garau, ita ke zura wa matan layi zare a allura. Ta saurare ni, ta ce, "Kai da karatunka ba ka san uwarka ba. Tashi ka ba ni wuri."

Washegari ta shigo ɗakin Inna tana dafa bango. "Hajiya, idon nan nawa ya fara, kuma tsoron likita nake ji. Ki taimaka ki raka ni."

Inna ta ce a miƙo mata mayafi. Rakiyar aminiya ba abin da ake ƙi ba ne.

Ina laɓe a soro na ga fitarsu. Malama ta kama hannun Inna tam tana cewa, "Riƙe ni da kyau, Hajiya, kar in faɗi. Ga kwata nan gabanmu, ɗaga ƙafa." Inna ta ɗaga. A asibiti nas ta ce doka ce, sai an duba har 'yan rakiya. Malama ce ta kitsa wa nas ɗin wannan magana. Inna ta ce to, tunda doka ce. Aka duba ta, aka yi mata aikin ido. Na tabbata ta gane komai tun daga ɗakinta, hanya kawai take nema wadda ba ta bi ta kaina ba.

Ranar da za a cire bandejin na je, na tsaya can bakin ƙofa inda ba zan takura mata ba. Likita ya warware a hankali. Inna ta ƙifta ido, ta dubi tafin hannunta, ta dubi Malama ta yi dariya. Sannan idonta ya sauka a kaina, ya tsaya. Tunda na yi wayo Inna ba ta taɓa kallona haka ba. Na durƙusa a wurin.

Sai ta juya ga bango, ta gyara mayafi. Ta ce, "Malama, ki tambayi wancan, yaushe ya yi furfura haka ba a faɗa mini ba? Ki ce masa ya riƙa cin abinci."