Na Je Zangon Kumasi Ɗauko Mma Hawa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da ƙanwata, ko masu koko na unguwarmu Nima ba su gama hura wuta ba. Kumasi muka nufa, kuma ba yawo ne ya fitar da mu ba. Mma Hawa zan je ɗaukowa. Ita ta shayar da ni lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta ciwo ina jaririya, saboda haka uwata ce har a gaban Allah. Kafin mu taso sai da na sa aka yi wa ɗakin da ke kusa da nawa fenti, na sayi sabuwar katifa, na shimfiɗa zanen gado.

Kuɗin mota ya sake tashi, har na tambayi mai yankan tikiti ko jirgin sama za mu hau. Ko murmushi bai yi ba. Ƙanwata kuwa tun daga Nsawam ta buɗe ciki: burodi, soyayyar doya, muna isa Nkawkaw ta ɗora da ayaba da gyaɗa. Ni ruwa kaɗai ke wuce mini. Inda ake aikin titi muka yi ta rarrafe a bayan manyan motoci, ga wani mai tallan magani tsaye a kanmu yana rantsuwa kwalba ɗaya na warkar da basir da ciwon baya da mantuwa.

Bari in gaya muku abin da ya taso da tafiyar. Gidan da Mma Hawa ke zaune tsohon masauki ne a Zango, inda fataken goro ke sauka a da. Da fatauci ya ja baya, ɗakunan suka koma na tsofaffin matan da ba su da kowa. Hajiyar gidan, 'yar marigayi maigida, ita ke dafa musu, unguwa na kawo abin da ya samu. Muna yara duba-gari kaɗai muka sani, wanda muke ce wa tankas. Ya leƙa randa, ya leƙa kwata, ya yi gaba. Yanzu abin ya canja. Masu duba asibitoci sun ce gidan da ke riƙe da tsofaffin da ba dangi ba gidan jinya ne, sai da lasisi, da nas, da gado ga kowa, kuma za su riƙa faɗowa ba sanarwa. Hajiya ba ta da ƙarfin wannan. Ta kira ni ta ce mai dangi a zo a ɗauke shi, marar kowa kuma za a kai shi wani gida mai lasisi can unguwar Sofoline.

Bayan azahar muka shiga gari, tasi ta bi da mu ta Manhyia. Muna sauka ƙamshin tafasasshen wake da shinkafa ya buge ni, sai na ji hawaye na neman zubowa. Ga lungun da na koyi tafiya, ga famfon da muke faɗa a kai. Mangwaron ƙofar gida dai an sare shi, an kafa shagon waya a wurin. Na tsaya ina kallo kamar baƙuwa, alhali nan aka binne cibiyata.

A tabarma muka same ta, ita da abokiyar ɗakinta Mma Adiza, wata tsohuwa makauniya 'yar ƙasar Moshi, suna cin tuwo da miyar ayoyo, wato lalo, a kwano ɗaya. Mma ta rungume ni, ta ce na yi ƙiba kamar matar minista. Muna gaisawa amma hankalinta na kan kwanon. Can sai na ga ta kama hannun Adiza ta ɗora shi gefen da naman yake.

Washegari da hantsi mai duba asibitocin ta zo. Na kwana da shirin faɗa, har kalmomin Turancin da zan jefe ta da su na tanada. Sai ga wata Ba'ashantiya mai sanyin murya, kowa na ce mata Madam, ta durƙusa tana tambaya da Hausar Zango, "Mma ya ci abinci?" Ta ja ni ta nuna mini banɗaki mai gansakuka, inda wata tsohuwa ta zame ta karye a ƙugu. Ta nuna mini murhun gawayi a ɗakin da ba taga, da gwangwani guda da aka zuba magungunan kowa a ciki.

Ta tambaye ni yaya muke da Mma Hawa, na ce nononta na sha. Na zaci za ta ce wannan ba dangantaka ba ce. Sai ta dubi Hajiya, Hajiya ta tabbatar mata, ita kuma ta ce shi ke nan, ina iya tafiya da uwata. Daɗi ya kama ni, har ƙanwata ta fara naɗe kaya.

"To Adiza fa?" in ji Mma.

Nan take na ce sai in haɗa su duka biyun, ɗakin zai ɗauke su. Madam ta girgiza kai. Ta ce ciwon suga ya taɓa ƙafar Adiza, kullum sai nas ta wanke, kuma ba za a miƙa ta ga wanda ba nata ba. Na roƙi Mma, na yi kuka, har zancen fenti na yi mata. Ta tambaye ni wane launi, na ce shuɗi, ta ce na iya zaɓe. Sannan ta riƙe hannuna.

"Ramatu, ke kin zo kin ce ni taki ce, Allah ya yi miki albarka. Adiza wa zai zo ya ce tasa ce? Ba ni barin ta."

Mu muka raka su Sofoline. Gaskiya wurin tsaf yake: gadaje, fanka, ƙarfen dafawa a bango, nas na zirga-zirga. Sai dai ba ka jin kiran salla, sai hon ɗin motocin hanyar Sunyani. Abin da Mma ta fara tambaya shi ne ina alƙibla. Da aka kawo abinci faranti biyu, ta juye nata cikin na Adiza, ta kama hannunta ta ɗora a kai. Nas ɗin ta gani, ta kau da kai.

A hanyar dawowa ko burodin Nsawam ƙanwata ba ta saya ba. Muka iso Nima ana kiran magariba, yara suka fito da gudu suna tambaya ina kaka.

Abin da na koyo shi ne, ban haɗu da mugu ko ɗaya a tafiyar nan ba. Madam ta yi gaskiya kan banɗakin, Hajiya ta yi iya ƙoƙarinta, amma Zangon da ke riƙe baƙo har ya tsufa a hannunsa yana ƙarewa a gabanmu, kuma abin na cin raina. Na tafi ina ganin lokaci ya yi da zan riƙe wadda ta shayar da ni, sai na tarar ita ba ta gama ciyar da mutane ba. Ina kewarta ƙwarai. Ɗakin na nan, kullum ina share shi, zanen gadon ma ban iya cirewa ba.