Zakiru Mai Bariyar Ruwa

Shekara ashirin da biyu Zakiru yana noma a kudancin Dakoro kafin sama ta canza hali. Da can ruwa yakan zo da sallama, ya jiƙa ƙasa, ya tafi. Yanzu sai ya yi yaji wata guda, sannan ya juye na watan duka a hantsi ɗaya, ya kwashe gero, ya kwashe hanya, ya bar wa mutane rairayi su yi godiya. Shekarar da ruwa ya tsaga gonar Zakiru ya mai da ita kwazazzabo, a shekarar wani furoje, shirin raya karkara, ya iso da fararen motoci da magana mai nauyi a baki: canjin yanayi.

Suka ɗaga hanyar burji mai zuwa Kornaka, suka zuba siminti a mashigar ruwa, suka kafa allon da ya fi ɗakin Zakiru faɗi. Sannan suka gitta dogon ƙarfe a bakin gari, bariyar ruwa, suka nemi gardi mai tsaron ƙarfen. In an yi ruwa a sauke ƙarfe, kada babbar mota ta taka burji sai ya sha iska awa shida. Aka ba Zakiru makulli da hula, aka yi kwana uku ana koya masa cewa duniya ta yi zafi, shi da tafin ƙafarsa ya riga kowa sani.

Da wannan ƙarfen gidansa ke ci, don haka ya riƙe shi kamar salla. Ba ya jin magiya, ba ya karɓar goro. Direbobi suka sa masa Sarkin Ƙarfe, ya ɗauka yabo ne.

Ana saura kwana huɗu Babbar Salla aka yi ruwa tun asuba har hantsi. Manyan motoci uku na tsaye gaban ƙarfe sai ga kamiyo, wata babbar motar kaya, daga Azagor, shaƙe da raguna. Direban, Agali, ya leƙo.

"Sarkin Ƙarfe, ɗaga mana sandarka! Kasuwar Kornaka ba ta jiran laka ta bushe."

"Sai la'asar, ko ragunan naka ne za su yi limanci."

"Nawa? To, faɗa wa mai su da bakinka."

Ƙofa ta buɗe, Malam Salihu ya sauko, mahaifin Hawwa'u, matar Zakiru. Tun da aka ɗaura auren nan Zakiru bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa cikin caɓi.

"Baba, barka da hanya."

"Barka kadai. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba."

Tsohon bai roƙi komai ba. Ya dubi rana, ya dubi ragunansa, ya ce, "Allah dai ya sa mu taras da kasuwa."

Masanan furoje sun auna ruwan shekara hamsin masu zuwa, sun auna nauyin kowace taya. Nauyin suruki ne kaɗai bai shiga na'urarsu ba. Zakiru ya ɗaga ƙarfe kansa a sunkuye. Kamiyo ya wuce, sauran ukun suka bi shi, don su ma ba su ga dalilin zama marayu ba. Kafin azahar hanyar da aka gina don ta jure wa fushin sama ta koma kunya-kunya, saura a zuba iri.

Bayan mako guda injiniya ya zo, ya tsuguna yana auna ramuka.

"Malam Zakiru, wa ya buɗe?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Surukina ne a ciki."

"Ba ka iya ce masa a'a?"

Zakiru ya dube shi da tausayi, kamar yadda ake duban wanda bai yi aure ba. Aka karɓe makulli, aka bar masa hular.

Furoje ya yi taro, ya gano magani. Aka ɗauko sabon gardi, Samba, daga can bayan Tawa, mutumin da ba shi da ko ɗan'uwan kaka a faɗin Dakoro. Damina guda ƙarfe bai motsa wa kowa ba, hanya ta yi lafiya, aka rubuta a rahoto cewa ta saba da sabon yanayi.

Zakiru ya koma dako da amalanken jaki. Da kakar bana Samba ya nemi wanda zai raka shi gaisuwar neman aure, tun da ba shi da dangi a gari. Ramla yake so, 'yar Agali direba. Zakiru ya wanke babbar rigarsa, shi ya ɗauki goron ma.