Tsinken Tsintsiya a Cikin Fanka

Shekara biyu bayan an ba mu jiha na sayar da babur ɗina na haɗa kwamfuta. Na ce na haɗa ne don in ji daɗin bakina. Wani Kirista mutumin Kudu mai shago kusa da tashar mota a Gusau, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya ɗaure kayan, ni kuwa ina riƙe masa sukudireba ina ba shi shawarar da bai nema ba. Na girke ta a shagona na Tudun Wada ina buga wa mutane takardu, ina tafiya kafaɗuna na gogar katangun unguwa.

Tun ranar farko fankarta ke kuka. 'Yar mitsitsiya ce a cikin akwatin, zaune a kan ƙwaƙwalwar injin tana yi mata fifita. Da safe ƙararta kamar sauro, da azahar a tsakiyar bazara kuwa sai ka rantse injin niƙa aka tayar. Injiniya ya nuna mini wani shuɗin shafi inda lambar zafi ke hawa da sauka.

"Malam, in ta haye sittin, kashe ta ta huta," in ji shi. "Fankar nan kuma, duk ihun da za ta yi, bar ta."

Yayan mahaifina, wanda muke kira Baba, shi ya raine ni a Bungudu. Mahaifiyata ta rasu wajen haihuwata, mahaifina ya bi ta ina rarrafe. Abin da na sani game da ita bai cika cokali ba: sunanta, da cewa daga wajen Tsafe aka ɗauko ta, kuma Baba ne ya je neman auren. Kunya ta hana ni tambayarsa har na yi gemu.

Da ya ji labarin injin, sai ya ce a buga masa tarihin gidanmu kafin ya tafi. Yana fama da ciwon maƙogwaro, murya na ƙarewa. Kowace Asabar sai ya shigo mota daga Bungudu, ya zauna a tabarma yana faɗa ina bugawa. Asabar uku muna wajen kakannin kakanni, da wanda ya haƙa rijiya da wanda kura ta cinye wa jaki.

"Baba, a ɗan matso kusa mana."

"Komi da layinai," ya ce, bai ko dube ni ba. "Uwarka na nan tahe. Asabar biyu."

Ashe ya san abin da nake jira.

Asabar ta huɗu garin ya yi zafin da ƙadangaru ke neman inuwa. Muryar Baba ta koma raɗa, fankar kuwa ta samu sarauta. Kowace magana sai na ce ya maimaita, kowace maimaitawa sai ya yi tari ya share baki da gefen rawani.

"Wanga abu naka bai iya shiru in babba na magana?"

Na kwance murfin akwatin, na karyo tsinken tsintsiya na soka a fankar. Tsit. Ban manta da zafi ba, ai ni mai ilimi ne. Na mayar da murfin, na jiƙa buhu sharkaf, na lulluɓe akwatin kamar yadda muke yi wa jarkar ruwan sha. Kusan rabin awa ina jin kowane harafi na bakin Baba, ina yaba wa kaina. Mun iso kan kakana ke nan rubutun ya daskare, warin ƙonanniyar roba ya cika shagon.

Na aika aka kira Injiniya, ya zo ya ɗaga buhun da yatsa biyu.

"Malam, ka ɗaure mata fanka, ka toshe mata hanci, sannan ka yi mata wanka. Me ta yi maka?"

Ya ce abin da na adana yana nan, amma ƙwaƙwalwar ta soye, sai an aiko wata daga Legas. Mako biyu, ko uku.

Baba ya yafito ni. "Ɗauko takarda da biro mu ƙarasa."

Na yi dariya, wallahi har da tafa hannu. "Haba Baba, mai kwamfuta da biro? Ai sai Tudun Wada ta yi mini waƙa. Mako biyu ne kawai."

"To," ya ce, ya laluɓi sandarsa.

Wahalar man fetur ta tsayar da motoci, kayan ba su iso ba sai a mako na biyar. A na uku aka kwantar da Baba a asibiti. Ranar na je da takardar da biron, na durƙusa, na kai kunnena bakinsa. Leɓɓansa na motsi, iska kawai ke fita. Na sa masa biron a hannu ko zai yi ajami, ya ja layi ɗaya karkatacce, biron ya faɗi. Kwana huɗu bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar arba'in na shiga mota zuwa Tsafe, daga can aka ce in gwada garin Bilbis. Na bi zaure zaure ina faɗin sunanta, ina cewa an kai ta aure Bungudu ta rasu wajen haihuwa. A ƙarshe aka kai ni wurin wata tsohuwa da aka ce babu auren da ya wuce ta. Ta saurare ni har na gama, tana ɓarar gyaɗa.

"Ɗan nan, masu wanga suna da aka kai nesa ba su dawo ba suna da yawa. Mi as sunan ubanta?"

Na buɗe baki, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba. Ta jira kaɗan, sannan ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.