Dutsen Tanderun Goggo Argiro

Duk burodin da ake kaiwa coci a ƙauyenmu, na sadakar mamata da na ranakun biki, daga tanderun Goggo Argiro yake fitowa. Yayar mahaifina ce. Tun da teku ya ci mijinta, da tanderun nan ta raini ɗanta Lefteris, da shi kuma aka san ta. Kakanmu ne ya gina shi da duwatsun da ya kwaso daga gona, ya gitta wani dogon farin dutse a saman bakinsa. Dutsen ne ke ɗauke da nauyin ginin gaba ɗaya.

Kowace shekara kafin Ista takan shafe shi da farar ƙasa. Bara ciwon kafaɗa ya hana ta, ni kuwa na zo hutu daga gidan adana kayan tarihi inda nake aiki, sai na karɓa mata. Ina kankare tsohon shafen, sai ga haruffan zamanin da sassaƙe a jikin dutsen, a kife.

Na dakata da kankarar. Na san doka: in aka kai rahoto za a zo a ɗauke shi, in aka zare shi kuma tanderun ya rushe.

"Malamar fasassun tukwane ta ga aljani," in ji Lefteris, yana leƙowa ta bayana. "Maza ki shafe, kafin mutanenku su zo su kwashe mana har kaji."

"Rufe mana baki," Goggo ta ce. Ta matso tana ƙanƙance ido. "Baba ya ce kada in bari shekara ta wuce ban shafe shi ba, bai taɓa faɗin dalili ba. Karanta mini, 'yar nan."

Na karkata kai na bi haruffan da yatsa. "Timarista 'yar Kiliyon. Sai wata rana."

"Dutsen kabari ne?"

Na gyaɗa kai.

"Ba sunan miji?"

"Babu, Goggo."

"Yarinya ce ke nan." Ta goge hannu a jikin zanen aikinta, ta shige ɗaki.

Makon nan ba ta hura wuta ba. Fada Nikitas, limamin cocinmu, ya aiko a karɓi burodin Ista, aka koma hannu wofi. Lefteris ya yi lallashi har ya gaji.

"Haba Iya, ta fi shekara dubu biyu da mutuwa. Zafi ba ya damunta."

"Ka tambaye ta ne? Ina gasa wa matattun mutane sadaka, ashe ina babbaka sunan 'yar wasu."

Ni dai jira nake ta ce in shafe, da na shafe ban faɗa wa kowa ba. Bokitin farar ƙasar yana nan inda na ajiye shi har ya bushe. Da ta tashi magana, cewa ta yi, "Kira mutanenku."

"Goggo, ginin ba zai tsaya ba."

"Ni kike gaya wa?"

Suka zo da mota da igiyoyi, suka tokare bakin da katako. Duk da haka, dutsen yana fita rufin ya zube ciki. Goggo tana tsaye, ba ta kawar da kai ba.

Lefteris ya ce zai gina mata sabo da bulo da siminti. Ta ce a shekarunta ba za ta fara koyon halin wata wuta ba. Dutsen yana ɗakin ajiya na wurin aikinmu, an ɗora shi a kan wata kanta, an rubuta masa lamba, ba a kai ga wanke baƙin hayaƙin ba tukuna. Takan tambaye ni ko mutane na zuwa ganinsa, ni kuma in sauya magana.

Yanzu daga gari ake kawo burodin coci, a cikin leda. Ranar Lahadi na ga ta karɓi gutsurenta daga hannun Fada, ta matsa shi da yatsa, ta shinshina. Da muka fito sai ta tura mini shi a aljihu.